Babi na Bakwai: Hanyar Goa a Tsakiyar Damina

A yammacin ƙasar Indiya, watannin da tuƙi ya fi wuya su ne kuma watannin da masu sha'awar motoci suka fi ɗokin fita, domin daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da hukumomi ke jan kunnen jama'a da su rage zirga-zirga a hanyoyin tsaunuka, ƙungiyoyin direbobi daga Mumbai da Pune da Bengaluru kan ɗaura ɗamarar tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa tarukan da aka shirya musamman saboda ruwa da taɓo. Wasu tarukan ƙanana ne, na abokai ashirin ko talatin da suka yi alkawarin haɗuwa a wani masauki a Lonavala ko Amboli ko Sakleshpur, su kwana biyu suna duba injunan juna suna musu a kan tayoyi. Wasu kuwa kamfanonin ƙera motoci ne ke ɗaukar nauyinsu, kamar taron Great Escape da kamfanin Mahindra ya fara a 1996 domin masu motocinsa su gwada su a daji. Wanda ya fi su suna shi ne gasar Rainforest Challenge, wadda Luis Wee ya kafa a Malesiya a 1997, aka kuma soma yin reshenta a jihar Goa a 2014. Tana ɗaukar kimanin mako guda a tsakiyar damina, galibi a watan Yuli, kuma tana jawo mahalarta daga Kerala da Kodagu da Hyderabad, har da Chandigarh da ke can arewa, wajen kilomita 2,000 daga filin gasar.

Abin da ba a cika lura da shi ba game da irin waɗannan taruka shi ne cewa haɗarin da ke filin taron, duk da ban tsoronsa a ido, haɗari ne aunanne: akwai alƙalai, akwai motar asibiti a gefe, an san zurfin kowane rami tun kafin mota ta shige shi, kuma an shata wa 'yan kallo iyakar da ba za su ƙetare ba. Hanyar zuwa wurin kuwa babu mai auna ta. Saboda haka sashen tafiyar da ya fi bukatar sani da haƙuri yakan ƙare ne kafin a buɗe taron, kuma idan aka bi diddigin abin da ke sa wannan hanya ta yi wuya za a tarar cewa ruwan sama yana da nasa kaso, amma kaso mai tsoka na aikin hannun mutum ne.

Damina a Indiya tana zuwa ne da iskar da ake kira munsun, wato iskar da ke juya alkiblarta bisa ga lokacin shekara. A watannin Afrilu da Mayu ƙasa takan yi zafi fiye da teku, iskar da ke bisa arewa maso yammacin ƙasar ta yi sauƙi ta tashi sama, sai iska mai laima daga kudancin tekun Indiya ta kwararo domin cike gurbin, ta ratsa Tekun Larabawa tana ƙara kwasar tururi, sannan ta faɗa gaɓar ƙasar daga kudu maso yamma. Hukumar kula da yanayi ta Indiya, wadda aka kafa a 1875, ta ɗauki 1 ga Yuni a matsayin ranar da aka saba ganin saukar daminar a Kerala, daminar takan isa Mumbai bayan kimanin kwana goma, kuma kafin tsakiyar Yuli ta game ƙasar baki ɗaya. Cikin wata huɗun nan ake samun kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan da Indiya ke samu a shekara. Tsarin iri ɗaya ne da wanda ke kawo damina ƙasar Hausa daga mashigin tekun Gini, amma yawan ruwan ba ɗaya ba ne: a ranar 26 ga Yulin 2005 ma'aunin unguwar Santacruz a Mumbai ya nuna milimita 944 cikin sa'o'i 24, adadin da ya yi daidai da kusan abin da Kano ke samu daga farkon damina zuwa ƙarshenta.

Dalilin wannan yawa shi ne jerin tsaunukan da ake kira Ghat na Yamma, ko Sahyadri a bakin mutanen Maharashtra, waɗanda suka miƙe tsawon kimanin kilomita 1,600 daura da gaɓar teku, suka tare iskar tun ba ta yi nisa cikin ƙasa ba. Iskar takan hau tsaunin dole, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko a fuskar da ke kallon teku da kuma kan tudun, ta gangara ɗaya ɓangaren kusan a bushe. Shi ya sa Mahabaleshwar ke samun sama da milimita 5,000 a shekara, Amboli da Agumbe su kai wajen 7,000, alhali Pune, wadda ba ta fi tafiyar sa'o'i uku daga Mahabaleshwar ba, ba ta cika kaiwa 800 ba. Siririn filin da ke tsakanin tsaunukan da teku shi ake kira Konkan, kuma duk ruwan da ya sauka a kan tudu sai ya ratsa ta cikinsa a gurguje, ta gajerun koguna masu saurin cika kamar Savitri da Vashishti. Ghat a bakin direbobi na nufin hanyar da ta hau ko ta sauka daga waɗannan tsaunuka, mai kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun. Duk wanda ya taso daga cikin ƙasa yana nufin Goa ba shi da makawa sai ya sauka ta ɗaya daga cikinsu.

Tsakanin Mumbai da Panaji, babban birnin Goa, akwai kusan kilomita 600, kuma matafiyi yana da zaɓi biyu. Na farko shi ne ya hau tudu tun da wuri ta babbar hanyar Mumbai zuwa Pune, wadda aka kammala a 2002, ya bi hanya mai lamba 48 ta Satara da Kolhapur inda ruwa ke da sauƙi kuma titin a buɗe yake, sannan ya sauka Konkan sau ɗaya tak ta Amboli ko Gaganbawda, ko kuma ya ƙara gaba zuwa Belagavi ya sauka ta Chorla. Na biyu shi ne ya bi hanya mai lamba 66, wadda a da ake kira lamba 17, wadda ta tashi daga Panvel ta bi tsawon Konkan har Kanyakumari a ƙarshen kudancin ƙasar. A taswira ta biyun ce hanyar da hankali zai ɗauka, amma shekara da shekaru yawancin direbobin da suka san yankin ta farko suke bi da damina, ko da ta ɗan fi tsawo kuma kuɗin shingen hanya ya fi yawa.

Tarihin hanya mai lamba 66 shi ke bayyana wannan zaɓi. A 2011 aka fara aikin mayar da ita tagwayen hanya daga Panvel zuwa Indapur, daga baya aka raba ragowar, har iyakar Goa, ga 'yan kwangila daban-daban, tsawon da jimillarsa ya haura kilomita 450. Aikin ya ci karo da rikicin biyan diyyar filaye, da jinkirin izinin sare daji, da 'yan kwangilar da kuɗi suka yanke musu, aka yi ta ɗage wa'adin kammalawa shekara bayan shekara, har maganar ta kai gaban babbar kotun Bombay. An sami ci gaba a wasu wurare, musamman a gundumar Sindhudurg da ke kusa da Goa, an kuma fasa dutse an yi hanyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 2 a Kashedi, wadda aka buɗe ɓangare ɗaya nata a 2023, ta rage wa matafiya hawa da saukar ghat ɗin da ya daɗe yana cin motoci. A wannan shekarar dai, a watan Oktoba, wani sashe na gadar sama da ake ginawa a Chiplun ya rufta. Hanyar da ba a gama ba ta fi tsohuwar hanya mugunta da damina, domin tsohuwar, duk da ƙuncinta, tana da magudanan ruwa da suka zauna da gefuna da ciyawa ta riƙe, ita kuwa wadda ake kan aikinta an toshe mata lambatu da tarin ƙasa, an yanke mata gefen tudu an bar shi tsirara, kuma kowane 'yan kilomita sai an karkatar da motoci zuwa ratsen da aka zuba wa tsakuwa kawai.

Yadda rami ke samuwa a kwalta abu ne da injiniyoyi suka daɗe da sani. Titin kwalta tsakuwa ce da aka haɗe da baƙin mai mai danƙo, kuma ƙarfinsa ya dogara ga busasshiyar shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa. Idan ruwa ya kwanta a kansa saboda ba a yi masa doro a tsakiya ba, ko saboda kwalbati ya toshe, sai ya sami 'yar tsaga ya sulale ciki, ya raba danƙon da tsakuwar, ya kuma jiƙa shimfiɗar. Duk tayar babbar motar da ta taka wurin takan matse ruwan da ke ciki ya fito da ƙarfi ɗauke da lallausar ƙasa, har ƙarƙashin kwaltar ya zama kogo, fatar saman ta karye ta faɗa. Daga nan kowace mota sai ta ɓantari bakin ramin ta ƙara masa faɗi, kuma facin da aka yi cikin ruwa ba ya kamawa. Ƙasar Konkan, wadda yawancinta jar marmara ce, tana da ƙarfi da rani har ana yanka ta a yi gini, amma lallausan samanta idan ya sha ruwa yakan zama caɓi mai santsi da tayoyin motocin aiki ke kwasowa su shafe titin da shi. Wannan ne ya sa aka koma shimfiɗa kankare a sassa da yawa na sabuwar hanyar, sai dai inda kankare ya haɗu da tsohuwar kwalta yakan bar gaɓa mai tudu, wadda ke fasa taya idan aka hau ta da gudu.

Ramin damina ya bambanta da na rani ta fuska ɗaya mai muhimmanci, wato cike yake da jan ruwa, don haka direba ba shi da hanyar sanin ko zurfinsa ɗan yatsa ne ko kamu guda sai ya faɗa. Alkaluman ma'aikatar sufurin hanyoyi ta Indiya sun nuna cewa mutum 3,597 suka mutu a haɗurran da ramuka suka haddasa a 2017 kaɗai, kuma a Disambar 2018 kotun ƙolin ƙasar, da aka gabatar mata da adadin mutum 14,926 na shekara biyar daga 2013, ta ce abin ba mai karɓuwa ba ne, ta kuma lura cewa mai yiwuwa ya zarce yawan waɗanda aka kashe a kan iyaka ko a hare-haren ta'addanci. Wanda ramin ya fi yi wa illa shi ne mai babur, wanda ko dai ramin ya kayar da shi, ko ya kauce masa ya faɗa gaban babbar mota. Mai ƙaramar mota yakan tsira da lanƙwasasshen ƙarfen taya ko fasasshen kaskon mai, abin da ya isa ya tsayar da tafiya a wurin da bakanike mafi kusa yake da nisan kilomita talatin.

Jarrabawa ta gaba ita ce ƙetare ruwa. A ƙananan hanyoyin Konkan da na Kodagu akwai gadoji marasa tsayi da aka gina da niyyar ruwa ya bi ta kansu idan ƙorama ta cika, kuma a nan ake gane wanda ya san aiki. Gogaggen direba yakan tsaya nesa kaɗan, ya sauko, ya dubi sandunan da aka kafa a gefen gadar domin ganin inda ruwan ya kai, ya jira wata babbar mota ko motar haya ta gari ta wuce yana lura da inda ruwan ya tsaya a tayarta. Idan ya yanke shawarar shiga, sai ya bari wanda ke gabansa ya fita tukuna, ya sa giya ta ɗaya, ya riƙe totur a wuri ɗaya ba ƙari ba ragi, yadda gaban motar zai tura ɗan tudun ruwa a gabansa ya bar kwari a inda injin yake, kuma ba ya canza giya a tsakiya. Da ya fita sai ya yi ta taɓa birki a hankali har ya bushe. Abin da ake gudu shi ne injin ya shaƙi ruwa ta bututun da yake shan iska, domin iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, saboda haka idan fistin ya taso ya tarar da ruwa a cikin silinda, sandar da ke tura shi ce za ta lanƙwashe ko ta karye. Motar da ta mutu cikin ruwa ba a sake tayar da ita, turo ta ake yi ko a jawo ta, kuma kamfanonin inshora a Indiya ba sa biyan irin wannan ɓarna sai ga wanda ya sayi ƙarin kariya ta injin. Kamfanin Mahindra ya ce sabuwar motarsa Thar ta 2020 tana iya ratsa ruwa mai zurfin milimita 650, kamfanin Force kuma ya ce motarsa Gurkha, wadda aka ɗaga mata bututun shan iska har saman rufi, tana ratsa 700. Waɗannan alkaluma na ruwa ne mai kwanciya. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 30 ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, na santimita 60 kuma ya tafi da yawancin manya, kuma tsayin bututu ba ya hana hakan.

Akwai kuma abin da ƙwarewar direba ba ta da tasiri a kansa. A daren 2 ga Agustan 2016 kogin Savitri ya cika ya tafi da tsohuwar gadar zamanin Turawan Birtaniya da ke kusa da Mahad a kan hanyar Mumbai zuwa Goa, kuma saboda duhu da ruwa motocin da ke tafe ba su ga cewa babu gadar ba: bas biyu na gwamnatin jiha da wasu ƙananan motoci suka faɗa, aka rasa kimanin mutum 40. An buɗe sabuwar gada a watan Yunin 2017, saurin da ya nuna abin da hukuma ke iyawa idan idon duniya yana kanta. A Yulin 2021 kogin Vashishti ya shanye garin Chiplun har bas-bas suka nutse a tasharsu, a makon nan kuma tudu ya zaftaro wa ƙauyen Taliye da ke yankin Mahad ya kashe sama da mutum 80. A watan Agustan 2024 tsohuwar gadar kogin Kali da ke Karwar, a bakin iyakar Goa da Karnataka, ita ma ta karye cikin dare. Wannan ne asalin ƙa'idar da ƙungiyoyin matafiya masu hankali ke bi, ta cewa ba a tuƙin dare a Konkan da damina, kuma ba a fita ranar da hukumar yanayi ta ba da jan gargaɗi. Hukumar tana da matakai huɗu, kore da rawaya da ruwan lemo da ja, kuma a ma'auninta ruwan da ya haura milimita 204 cikin sa'o'i 24 shi ne mafi tsanani.

A kan ghat kuwa matsalar farko ita ce gani, domin a Amboli ko Tamhini hanyar takan shige cikin gajimare da rana tsaka, direba ya daina ganin abin da ya wuce 'yan mitoci, ruwa kuma yana zubowa daga duwatsu yana ratsa titin. Ana sauka da ƙaramar giya domin injin ya riƙe motar, tunda birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa, ana danna hon kafin kowace kwanar da ba a ganin bayanta, kuma mai sauka ne ke ba mai hawa hanya. Al'adar kunna fitilun gargaɗi masu ƙyaftawa yayin da mota ke tafiya, wadda ta yaɗu sosai, kuskure ce, saboda tana hana na baya sanin ko motar a tsaye take ko kwana za ta yi. Matsala ta biyu ita ce tudun da kansa. Kwamitin masana da Madhav Gadgil ya jagoranta ya yi gargaɗi a rahotonsa na 2011 game da fasa duwatsu da yankan tudu barkatai a Ghat na Yamma, jihohin da abin ya shafa suka ƙi rahoton, aka kafa wani kwamiti ƙarƙashin K. Kasturirangan wanda a 2013 ya rage yankin da ya kamata a kare zuwa kashi 37 cikin ɗari, kuma ko wannan an yi shekaru ana ja-in-ja a kansa. A ranar 16 ga Yulin 2024, a Shirur kusa da Ankola, gefen tudun da aka yanka domin faɗaɗa hanya mai lamba 66 ya zaftaro bayan kwanaki ana ruwa, ya share wata rumfar mai shayi da motocin da aka ajiye kusa da ita, ya tura wasu cikin kogin Gangavali. Sai bayan fiye da wata biyu aka gano wata babbar motar dakon katako a ƙarƙashin ruwan.

Rumfar mai shayi tana da matsayi a wannan tafiya fiye da yadda matafiya ke faɗa. Ayarin motocin da ke tafiya taro yakan naɗa madugu a gaba, wanda ya san hanya kuma shi ke sa gudun tafiyar, ya sa mota mafi ƙarfi da ke ɗauke da igiyar ja da kayan gyara a can baya domin kada a bar kowa, a raba rediyon hannu saboda layin waya yakan ɓace a cikin kwaruruka, kuma kowane direba aikinsa ne ya riƙa ganin na bayansa a madubi. Duk da wannan tsari, da taswirar da ke cikin kowace waya, labarin da ake dogara da shi shi ne na mai shayin gindin ghat, da direban bas ɗin da ya sauko yanzu, da mai facin da ke zaune cikin rumfar leda tsakanin tsoffin tayoyi. Su suka san ko an rufe ghat ɗin Varandha ga manyan motoci, ko bishiya ta faɗi a kwana ta nawa, ko ruwan wata gada yana hawa ne ko yana janyewa. Taswirar waya takan nuna hanya mafi gajarta, wadda sau da yawa ita ce ta gonakin shinkafa da ruwa ya shafe. Matafiyin yakan sha shayinsa, ya ci soyayyar albasa mai zafi ko gasasshiyar masara, ya sami labari kyauta ya wuce, mai rumfar kuma ya ci gaba da zama a gindin tudun har ƙarshen Satumba.

Sha'awar da ke tura mutane wannan tafiya ba ta daɗe ba a Indiya. Tun 1947 Mahindra ke haɗa motar jif ta kamfanin Willys na Amurka, amma ta soja ce da 'yan sanda da masu gonakin kofi, haka ma Gypsy da kamfanin Maruti ya fitar a 1985. Mallakar mota ta soma yaɗuwa ne bayan fitowar Maruti 800 a 1983 da kuma sassauta dokokin kasuwanci a 1991, manyan hanyoyin da gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta ƙaddamar a ƙarshen shekarun 1990 suka mayar da doguwar tafiya abin marmari, sannan fitowar Thar a 2010 ta ba ma'aikacin birni motar daji da zai iya saya daga shago. Tsofaffin jif da Gypsy da soja suka yi gwanjonsu su suka zama ƙashin bayan motocin gasa, bayan an sauya musu injin da tayoyi, an kuma yi musu keji na ƙarfe mai kare direba idan motar ta kife. Da yawa daga cikinsu ba su dace da titi ba, don haka a bayan manyan motoci ake kai su Goa. Makanikai da 'yan kallo da 'yan ƙungiya su ne ke tuƙo motocinsu na yau da kullum ta hanyoyin da aka bayyana.

A filin gasar, wanda yakan kasance tsohuwar mahaƙar dutse ko gefen daji a yankuna kamar Quepem da Sattari, kowane zagaye gajere ne, sau da yawa 'yan ɗaruruwan mitoci, amma yakan ƙunshi gangara mai tsayin bene, ko ƙorama, ko kududdufin taɓon da ke haɗiye taya. Mutum biyu ne a kowace mota, kuma wahalar ta mataimakin direba ce. Da motar ta kafe sai ya diro, ya ja igiyar na'urar da ke gaban motar, wadda ke naɗe igiya ta jawo motar da ƙarfin kanta, ya haura tudun da gudu cikin laka, ya naɗa wa bishiya faffaɗan ɗamara domin kada igiyar ta yanke ɓawonta, ko kuma, inda babu bishiya, ya kafa wani ƙarfe mai kama da garma a ƙasa ya maƙala igiyar. Sai ya ɗora wa igiyar wani mayafi mai nauyi da zai danne ta idan ta tsinke, ya koma gefe, ya ba direba alama da hannu. Alƙalai suna tsaye suna rage maki ga wanda ya taɓa igiya ba safar hannu, ko ya tsallake ta tana a ɗaure, ko ya fita ba hular kwano, kuma wanda ya wuce lokacin da aka ƙayyade an cire shi daga zagayen. Wanda ya yi nasara a ƙarshen mako yakan sami gurbin zuwa babbar gasar a Malesiya. Tsananin waɗannan dokoki ya sa mai kallo yakan lura cewa a fili ɗaya na wasa ana kula da igiya guda fiye da yadda aka kula da gefen tudu a Shirur.

Ba a rasa masu sukar waɗannan taruka ba, kuma sukar tasu tana da tushe. Masu kare muhalli suna nuna ɓarnar da manyan tayoyi ke yi wa bakin ƙorama a lokacin da kwaɗi da kifaye ke hayayyafa, a Ghat na Yamma, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2012, mazauna ƙauyuka kuma suna kokawa da motocin ƙarshen mako da ke tsayawa a tsakiyar ghat domin ɗaukar hoton matsirgar ruwa, abin da ya sa hakiman gundumomi a Pune da Raigad kan kafa dokar hana taruwa a wasu wuraren da damina. Akwai kuma bambancin da ke tsakanin wanda ya zaɓi gargada domin nishaɗi da wanda ba shi da wata hanya. 'Yan makonni bayan an watse daga Goa, a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, bikin Ganesh yakan zo, dubban ɗaruruwan mutanen Konkan da ke aiki a Mumbai su kama hanyar gida a bas da ƙananan motoci da babura, hukuma ta cike ramuka da gaggawa, ta hana manyan motoci bin hanyar na 'yan kwanaki, tafiyar sa'o'i takwas ta koma goma sha biyar. Jirgin ƙasan Konkan, wanda aka buɗe a 1998 bayan an fasa hanyoyin ƙarƙashin dutse sama da 90, yana ɗauke wani kaso na wannan nauyi, har manyan motocin kaya yake ɗauka a kan taragunsa tun 1999, amma shi ma yakan koma jadawalin damina mai rage gudu daga Yuni zuwa Oktoba.

Dawowa daga taro tana da nata lissafin, domin hanyar da aka bi mako guda da ya wuce ba ita za a tarar ba: ramukan sun ƙaru, wani ghat ɗin an rufe shi, direbobin kuma sun gaji. Motar da ta ratsa ruwa mai zurfi sai an duba man giyarta da na ƙafafunta, tunda ƙarfe mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta ƙofofin shan iskarsa, man ya koma fari kamar madara ya daina aiki. Ana wanke jar lakar da ta daskare a ƙarƙashin bodi da cikin lagireto kafin ta jawo tsatsa ko ta sa injin zafi, a buɗe birki a fitar da yashi, a cire shimfiɗun ciki a shanya kafin su yi funfuna, a kuma kai motar a daidaita mata saitin ƙafafu. Garejojin Mumbai da Pune sun san wannan aiki sarai, kuma yakan riƙe su har iskar ta juya a watan Oktoba, lokacin da 'yan kwangila ke komawa bakin aiki a hanya mai lamba 66.